Ƙona ganye don korar "mugun abu" daga gida: daga ina ya samo asali, kuma ina matsayin hayaƙinmu na gargajiya?

Maman Biyu, Kaduna:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman a ƙarar da ni ilimi a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun makonni uku da suka wuce, lokacin da muka tare a wani gidan haya a nan Kaduna. Gidan ba shi da wani aibi da ido zai gani, amma tun daren farko na ji ya yi mini nauyi, barci ba ya ɗaukata da wuri, ƙaramar 'yata kuma, wadda a tsohon gidanmu ba a san ta da rigima ba, ta koma farkawa tsakar dare tana tsala kuka. Maƙwabta sun shaida mini cewa mutuwar aure ce ta tashi waɗanda suka riga mu zama a ciki, bayan an daɗe ana jiyo hayaniyarsu ta kan katanga.

Da na ba ƙanwata da ke karatu a Ingila labari, sai ta aiko mini da wani ƙunshin busasshen ganye, fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, an naɗe shi da zare, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Ta ce sunansa farin seji, kuma yadda ake yi shi ne a kunna bakinsa, a hure wutar ta mutu, a zaga da hayaƙin lungu-lungu alhali tagogi suna buɗe, mutum yana ƙudurtawa a ransa cewa duk wani mugun abu ya fita. Abin da ake korar suna kiransa negetib enaji, wai shi ne ragowar baƙin ciki da faɗa da hassadar mutane da ke maƙalewa a bango da labule. Na duba Instagram na tarar har a nan Najeriya akwai masu sayar da shi, kuma ba da araha ba.

A wannan makon kuma surukata ta zo ganin gida da nata ƙullin: tazargade, ƙaron hano da habbatussauda, ta ce a yi hayaƙi tsakanin magariba da lisha har kwana bakwai, domin ba a shiga gidan da aka yi zaman baƙin ciki a cikinsa haka kawai. Da na nuna mata saƙon ƙanwata, ta shinshina, ta ɗan murza ganyen da yatsa, ta ce wannan ai tazargaden Turawa ne. Maigidana kuwa bai yarda da ko ɗaya daga ciki ba, ya ce a karanta Baƙara a huta. Tambayata ita ce, wannan ƙona seji daga ina ya fito, kuma da wace aƙida yake tafe? Shin da gaske abu ɗaya ne da hayaƙin da iyayenmu suke yi? Kuma idan na yi ɗaya daga cikinsu, na taɓa addinina ko ban taɓa ba?

Baban Amira, Winnipeg:

Wa alaikumus salam. Maman Biyu, zan amsa ɓangaren asalin kawai, saboda shi ne na gani da idona, na bar hukunci ga malamai. Da farko dai abin ba na Turawa ba ne. Ibada ce ta 'yan asalin Arewacin Amurka, mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, kuma garin da nake zaune a Kanada ya fi kowane birni a ƙasar yawan irin waɗannan mutane, don haka a wurin aiki ma na sha halartar taron da aka buɗe shi da wannan hayaƙi. Dattijo ne yake zuwa da ƙwaryar wata dabbar teku mai ƙyalli a ciki, ya zuba ganye kaɗan wanda bai fi cikin cokali biyu ba, ya kunna da ashana, ya riƙa fifitawa da gashin tsuntsu. Mutane suna tsayawa a da'ira, wanda aka zo gabansa ya sa hannu biyu ya kamfaci hayaƙin kamar mai ɗiban ruwa, ya shafa a kai da ido da kunne da baki da ƙirji, da nufin tunaninsa da ganinsa da jinsa da furucinsa su tsarkaka. Wanda ba ya so sai ya ja da baya, ba a tilasta wa kowa, ni ma abin da nake yi ke nan, kuma ban taɓa ganin an ɓata rai ba. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, a wurinsu addu'a ce ake yi, hayaƙin kuma shi ne ke ɗaukar addu'ar zuwa ga Mahalicci kamar yadda suka fahimce shi. Kabilar Anishinabe suna ƙirga tsirrai huɗu masu tsarki: taba, seji, wani itacen sida, da wata ciyawa mai zaƙin ƙamshi da ake kitse ta kamar gashi.

Abin da surukarki ta faɗa ya ba ni dariya, domin ta kusa yin daidai ba tare da ta sani ba. Seji iri biyu ne ake ruɗawa. Wanda mutanen filayen tsakiyar nahiyar, irin su Lakota, suke ƙonawa ɗan gidan Artemisia ne, wato dangi ɗaya da tazargade. Amma wanda aka aiko miki, idan fari ne kamar yadda kika kwatanta, kuma mai faɗin ganye, shi ne Salvia apiana, ɗan'uwan ɗoɗɗoya da na'ana'a, kuma a daji ba ya fitowa sai a kudancin Kalifoniya da yankin Baja na Meziko, ƙasar kabilu irin su Chumash da Tongva da Kumeyaay.

Waɗannan mutane sun sha wuya a kan ibadunsu. A Amurka an fito da ƙa'idoji a 1883 da suka haramta raye-rayensu na ibada da aikin masu maganinsu, ba a kuma ba su kariyar doka a fili ba sai a 1978, lokacin Shugaba Jimmy Carter. A Kanada an fara haramta wasu bukukuwansu a 1884, haramcin bai fita daga doka ba sai 1951. To, ki dubi mutumin da aka ɗaure kakansa saboda ibada, yau kuma ya shiga kanti ya tarar da ganyen ibadar tasa a cikin kwali mai ado, kusa da kyandir da duwatsu masu ƙyalli, ana sayar wa mai neman kwanciyar hankali bayan ya rabu da budurwa. Wannan ne ya sa da yawansu suke jin haushin kasuwar. Ga kuma ɓarnar daji, domin yawancin ganyen ba nomawa ake yi ba, yankowa ake yi. A 2018 an kama mutum huɗu da kusan kilo 180 na farin seji da suka sato daga wani keɓantaccen daji da ake kira North Etiwanda a Kalifoniya.

Ita kuwa kalmar negetib enaji, a iya saurarona ba daga bakin dattawan nan ta fi fitowa ba. Harshe ne na masu sabuwar ruhaniya ta Yamma, waɗanda suka tsinto abu daga Indiya, suka tsinto daga Sin, suka tsinto daga 'yan asalin Amurka, suka zuba a tukunya ɗaya. An zaɓi kalmar ne saboda ba ta ɗaure kowa: mai addini zai fassara ta da shaiɗan, marar addini ya fassara ta da damuwa, mai kanti kuma ya sayar wa kowannensu. Abin da ke hannunki ke nan, ganyen ibadar wasu mutane da aka raba shi da addu'arsu aka liƙa masa wata sabuwar fassara.

'Yar Yerwa, Maiduguri:

'Yata, shekara ashirin da wani abu ina haɗa turaren wuta, daga hannun kakata na koya, don haka ki bar ni in raba miki abin da mutane suke cakuɗawa. Turare daban, hayaƙi daban, ko da yake kasko ɗaya da garwashi ɗaya ake zuba su. Turaren wuta don ƙamshi ake yin sa. Ana samun itacen sandal ko hawi ko ɗorot a faskara shi ƙanana, a jiƙa shi da turarukan mai, a narka sukari a tukunya har ya yi danƙo, a juye itacen a ciki ana juyawa, sannan a zuba dakakken kajiji da farce. Shi farcen nan murfin wata dabbar teku ne, kuma idan ba a jiƙa shi an kankare shi an soya shi da kyau ba, ƙarnin kifi zai ɓata miki tukunya gaba ɗaya. Bayan nan a dura a kwalba a rufe, a manta da shi na makonni, domin turaren da aka ƙona ranar da aka haɗa shi bai gama nuna ba. Wannan shi muke turara ɗaki da shi, mu kife kabbasa a kan kasko mu shanya tufafi, mu gyara amarya. Babu wata addu'a ta musamman da ake yi masa, babu wani abu da ake kora da shi sai wari.

Hayaƙi kuwa magani ne, kuma sau da yawa ba ya da daɗin shaƙa. Wani don sauro ake yin sa, kamar ɓawon lemo da ganyen darbejiya da ɗoɗɗoya, wannan kowa ya ga amfaninsa da ido. Wani don mura ko ciwon kai. Wani kuma, irin wanda surukarki ta kawo, don iska da kambun baka da sammu ake yin sa, a nan ne ake sa tazargade da saiwar sanya da kaiƙayi-koma-kan-masheƙiya, kuma sunan wannan na ƙarshen ma ya isa ya gaya miki abin da ake nufi da shi. Ba zan ɓoye miki ba, tushen wannan ɓangaren yana taɓa bori, domin a can kowane iska yana da turaren da yake so da wanda yake gudu, kuma ana turara mai girka. Da Musulunci ya yi ƙarfi sai aka bar kiran sunayen iskokin, aka riƙe ganyen, aka ƙara habbatussauda da bisimilla.

Hano shi ne ya tsaya a tsakiya, don ƙamshi ne kuma magani ne. Itace ne na kan duwatsu mai ɓawo kamar takarda, wasu suna ce masa ararraɓi, ɗan'uwan lubban ne da ake kawowa daga Oman da Somaliya. Kakata takan jefa ƙwaya biyu ko uku a garwashi da magariba, ya narke yana tafasa, farin hayaƙi ya tashi, ta zaga da kaskon ɗaki-ɗaki tana salati, mu kuma muna biye da ita muna rigimar wanda zai riƙe mafici. Ban taɓa tambayarta ko aljani take kora ko sauro ba, kuma ina jin da na tambaya da cewa za ta yi duka biyun. Abin da na sani shi ne, gidan da aka share, aka wanke, aka turara, zama a cikinsa ya fi daɗi, mai gidan ma fuskarsa takan saki. Ni a ganina ki karɓi na surukarki ki yi, kada ki ja faɗa da uwar miji a kan abin da ba ya cutarwa, na kwalin kuma ki ajiye, tunda muna da namu.

Almajirin Zaure, Zariya:

Hajiya 'Yar Yerwa, Allah ya ƙara girma, rabe-raben da kuka yi ya sauƙaƙa mini aiki, amma ina neman afuwa zan saɓa muku a shawarar ƙarshe. Ni ɗalibi ne, abin da na karanta a gaban malamai zan faɗa.

Turara gida da jiki don ƙamshi abu ne mai kyau, har ma sunna ce. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yakan yi turare da itacen udu, wani lokaci zalla, wani lokaci ya haɗa da kafur, ya ce haka Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yake yi. Nana A'isha kuma ta ruwaito umarnin a tsabtace masallatan unguwanni a sa musu ƙamshi. Haka nan hayaƙin magani, wanda aka jarraba aka ga yana korar sauro ko yana buɗe hanci, babu mai hana shi, domin sababi ne da hankali da gwaji suka tabbatar. Matsalar tana farawa ne a inda aka ce hayaƙin yana korar abin da ido ba ya gani. Ƙa'idar da malamai suke kafawa ita ce, ba a riƙon abu a matsayin sababi sai ta ɗayan hanya biyu: ko shari'a ta faɗa, ko gwaji bayyananne ya nuna. Aljanu da kambun baka gaibu ne, gwaji ba ya kai wa gare su, saboda haka sai abin da nassi ya kawo. Kambun baka gaskiya ne, hadisi ya tabbatar, amma da ya kama Sahlu ɗan Hunaifu, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wanka aka yi masa da ruwan da wanda ya yi masa kambun ya wanke gaɓoɓinsa, ba a kunna garwashi ba. Da aka tambayi Shaihu Ibn Baz game da turaren da ake sayarwa da sunan korar shaiɗanu, ya amsa cewa bai san wani asali da hakan yake da shi a shari'a ba, kuma a bar shi.

Maman Biyu, abin da maigidanki ya faɗa yana da nassi ƙarara. A cikin Muslim, daga Abu Huraira, an ce kada mu mayar da gidajenmu maƙabartu, domin shaiɗan yana gudun gidan da ake karanta Suratul Baƙara a cikinsa. Akwai kuma hadisin Khaulatu 'yar Hakim, cewa wanda ya sauka a wani masauki ya ce a'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ, babu abin da zai cuce shi har ya tashi daga wurin, kuma wannan ya dace da halinki na sabuwar tarewa kamar an auna. Sai ambaton Allah yayin shiga gida da yayin cin abinci, da ayatul kursiyyu da falaƙi da nasi a tofa wa yarinya lokacin kwanciya.

Game da seji, bayanin Baban Amira ya ƙara nauyin al'amarin, domin ya nuna ibada ce ta wani addini, kuma yadda ƙanwarki ta koya miki, wato zagayawa lungu-lungu da ƙudurta niyya, siffar ibada ce ko da an cire mata suna. Sannan ita kanta aƙidar cewa baƙin cikin mutanen da suka tashi yana maƙalewa a bango, ba mu da ita. Zunubin wani da faɗansa ba sa zama a siminti. Amma adalci shi ne in faɗa cewa idan muka hana na kwalin saboda an jingina masa ikon da ba shi da shi, to tazargaden da aka ƙayyade masa kwana bakwai tsakanin magariba da lisha ma tambayar tana hawa kansa: wa ya ƙayyade kwanakin, kuma wa ya zaɓi lokacin? Kasancewar abu namu ne na gado ba ya wanke shi.

'Yar Yerwa, Maiduguri:

Malam, na ji kuma na gode, amma ni ma na zauna a islamiyya, kuma an karantar da mu cewa Ibnul Ƙayyim ya ce mala'iku suna son ƙamshi, shaiɗanu kuma suna ƙinsa. Idan haka ne, tsohuwar da ta turara gida tana salati da fatan shaiɗan ya nisance shi, ina laifinta? Kuma masu ruƙiyya da yawa a garin nan, masu gemu da ɗage wando, suna ba da hayaƙin habbatussauda da na wata saiwar magani da ake kira ƙusɗul hindi.

Almajirin Zaure, Zariya:

Hajiya, maganar tana nan kamar yadda kuka faɗa a littafin Ibnul Ƙayyim mai suna Zadul Ma'ad, kuma ba na musun cewa akwai malaman da suka sassauta, suna ganin idan an jarraba wani hayaƙi a kan mai shafar aljanu aka ga sauƙi, to ya shiga babin magani. Saɓani ne na gaske, ban isa in share shi ba. Sai dai Ibnul Ƙayyim ƙamshi ya ambata gaba ɗayansa, a matsayin ɓangaren tsabta, bai ware wani ganye ko wani adadin kwanaki ba, kuma ku da kanku kun ce hayaƙin iska ba daɗin shaƙa gare shi ba, to ba zai shiga ƙarƙashin maganar ƙamshi ba. Ƙusɗul hindi kuma ya zo a Bukhari a matsayin magani, har an ambaci ciwon maƙogwaron yara, amma ɗigawa a hanci da ɗurawa a baki aka ambata. Ban ce kakarku ta yi laifi ba, Allah ya jiƙanta, hanon da take sawa ƙamshi ne, salatin kuma ibada ce. Abin da nake tsoro shi ne ranar da hano ya ƙare a gida, mutum ya kwana cikin fargaba alhali ya karanta ayatul kursiyyu. Duk wanda ya ji haka a ransa, to ya san inda dogaronsa ya koma.

Ma'aikaciyar Jinya, Katsina:

Ni ba zan shiga fagen malamai ba, amma akwai kalma ɗaya a maganar Hajiya da ba zan iya wucewa ba, wato cewa abin ba ya cutarwa. A ɗakin yara da nake aiki, musamman lokacin hunturu, mun saba karɓar jariri yana numfashi da ƙyar, haƙarƙarinsa yana lotsawa, idan ka ɗaga zanin goyonsa sai ƙaurin hayaƙi ya buge ka. In ka tambaya sai a ce ya kwana biyu yana firgita, shi ne aka rufe ɗaki aka yi masa hayaƙi, wani lokaci har a lulluɓe shi da mayafi a kan kaskon. Wanda ya fi tsaya mini a rai yaro ne ɗan wata huɗu da zazzaɓi ne yake sa shi zabura, aka yi kwana uku ana turara shi kafin a kawo shi, kakarsa tana riƙe da ƙullin maganin a hannu har bakin gado. Jariri yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti ɗaya, babba kuwa 12 zuwa 20, hanyoyin iskarsa kuma ƙanana ne, saboda haka hayaƙin da babba zai yi tari biyu ya wuce, shi yana iya toshe masa ƙirji.

Haɗarin da ya fi girma ma ba daga ganyen yake ba, daga gawayin yake. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin take kama shi sau sama da 200. Alamominta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da nauyin jiki, wato daidai abubuwan da mutanenmu suke fassarawa da cewa maganin ya fara aiki, mugun abu yana fita. Malam zai gyara mini idan na yi kuskure, amma na san akwai hadisin da ya hana barin wuta a gida lokacin barci.

Masu tallar seji suna yawan cewa kimiyya ta tabbatar yana kashe kashi 94 cikin 100 na ƙwayoyin cutar da ke cikin iska. Binciken da suke nufi an yi shi ne a Lucknow ta Indiya, aka buga a 2007, kuma ba seji aka ƙona ba, haɗin itatuwa da ganyayen da mabiya addinin Hindu suke ƙonawa a ibadarsu ne, an kuma cika rufaffen ɗaki da hayaƙin har awa ɗaya, abin da babu mai hankalin da zai zauna a ciki da yaro. A ɗaya gefen kuma, wani bincike a Singafo da ya bi mutum sama da 61,000, wanda aka buga a 2008, ya sami alaƙa tsakanin shekaru masu yawa na ƙona turaren tsinke kullum da wasu nau'o'in sankarar hanyoyin numfashi. Ban kawo wannan don in tsorata masu turaren wuta ba, ni ma ina da kwalabe uku a ɗakina. Ƙa'idar kawai ita ce a rura gawayin a waje har ya zama ja, a turara ɗaki babu yara a ciki, a buɗe taga, a fitar da kaskon kafin a kwanta, mai asma kuma a nisanta shi gaba ɗaya.

Maman Biyu, ki duba abubuwan da ake iya taɓawa da hannu kafin komai. Ki ja kujeru da durowa ki duba bayan bango ko akwai danshi da baƙin fumfuna, ki sa a leƙa silin ko jemagu sun tare, ki lura ko hayaƙin janaretan maƙwabta yana shigowa ta tagar ɗakin kwana, ki duba katifa da gidan sauro saboda kuɗin cizo. Yaro ƙarami yakan yi makonni kafin ya saba da sabon ɗaki, ke ma kin kwana da labarin mutuwar auren nan a ranki, kuma yara suna jin tashin hankalin uwa. Idan kukan ya zo da zazzaɓi ko jan kunne ko ƙin nono, asibiti za ki nufa a ranar.

Maman Biyu, Kaduna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya maigidana ya karanta Baƙara a falo bayan sallar asuba, mun kuma ja durowar ɗakin yara muka tarar bangon bayanta ya jiƙe har fenti yana ɓarewa, ga alama bututun banɗaki ne yake yoyo, an kira mai gyara. Ba zan ce shi ne dalilin kukan ba, domin daren jiya ma ta farka sau biyu, ko da yake ba ta da zazzaɓi. Surukata ba ta janye maganar kwana bakwai ba, ni kuma ba ni da bakin da zan ce mata a'a kai tsaye, sai na roƙe ta a cire tazargaden a bar hano kaɗai, a yi da rana yara suna makaranta da gidan maƙwabta, tagogi a buɗe. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce hayaƙin rana ai na ƙuda ne, amma ta yarda. Sejin yana nan cikin kwalinsa, ban kunna ba, kuma ban san yadda zan gaya wa ƙanwata ba, don kuɗin makarantarta ta taɓa ta saya. Hajiya 'Yar Yerwa, hanon da aka kawo ya kusa ƙarewa, yaya ake gane mai kyau a kasuwa?

'Yar Yerwa, Maiduguri:

'Yata, kada ki sayi dakakke, domin a garin ne ake yin algus da ƙaron da ake sa wa tawada da sitaci. Ki nemi mai ƙwaya-ƙwaya, ki ɗauki ɗaya ki murza tsakanin yatsu har ta ɗumama, idan hano ne za ki ji ƙamshi kamar na ɓawon lemo da itace tun kafin ya ga wuta. In mai kayan ya yarda, ki ɗora ƙwaya ɗaya a garwashi a gabansa: na gaske narkewa yake yi yana tafasa da farin hayaƙi, ƙaron banza kuwa baƙi yake yi yana ƙauri kamar an ƙona tuwo. Ki bar garwashin ya yi toka a sama kafin ki zuba, kuma ƙwaya uku sun ishi falo.